Kwanon Tanti Lakshmi

Ranar wata Asabar a watan Satumba na 2003, na tsaya a ƙofar Ummu Yusuf da kwanon wainar shinkafa mai zafi daga Tanti Lakshmi. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Mayar wa mai shi." Ta rufe ƙofa a hankali. Ina aji huɗu a lokacin, kuma ba a taɓa mayar da ni da kwano ba.

Muna zaune ne a wani dogon bene a Les Minguettes, a gefen Lyon, inda Baba ya kawo mu daga Damagaram don karatunsa. Ummu Yusuf Bafalasɗiniya ce, tana ƙasa da mu. Tanti Lakshmi 'yar Indiya ce, tana can sama. Inna ce ta koya musu ciyayya irin tamu, da dokarta guda: kwano ba ya komawa gida fanko. Da na dawo daga lakwal, wato makaranta, kafin in fita tsallen igiya a filin ajiye motoci, sai na zaga benen da kwanuka, har Baba yake kirana jakadiyar Indiya a Falasɗinu. Tsofaffin biyu ba su iya Faransanci sosai ba, amma kullum da la'asar suna kan benci ɗaya suna gyaran wake. Tanti Lakshmi takan ce ƙasarta ta daɗe tana bayan mutanen Ummu Yusuf, kamar ita ce ta sa hannu.

A makon nan ne talabijin ta nuna shugabannin Indiya suna tarbar firaministan Isra'ila. Tanti Lakshmi ba ta gayyace shi ba, amma bencin ya zama wayam, kuma ta daina saukowa. Na ji haushi ƙwarai, don ni ma an sallame ni daga aiki.

Na kai wa Inna kwanon. Ta ajiye shi a kicin. Ni da ƙannena muka cinye wainar, siyasa ba ta hana mu ba. Washegari ta wanke shi, ta cika shi da dambun zogale, ta ce, "Kai ma Ummu Yusuf. Ki ce daga gare ni ne."

Na ce, "Inna, ai ba kwanonmu ba ne."

Ta ce, "Na tambaye ki?"

Abincin Inna ba ya mayuwa, don haka aka karɓa. Kwanon kuwa na ƙarfe ne, da rubutun Tamil, yaren Tanti Lakshmi, a gefensa, makaho ma ya san mai shi. Ya kwana biyu a can. Ummu Yusuf ba ta riƙe kayan mutane, kuma ba za ta mayar da shi fanko ba. Wata la'asar na gamu da ita a matakala, asansar, na'urar hawa bene, ta lalace kamar kullum, ita kuma tana hawa da kwanon tana haki. Na miƙa hannu in karɓa, ta hana ni. Da ta ɗaga murfin don in gani, ganyen inabi ne naɗe da shinkafa, babu nama, domin Tanti Lakshmi ba ta cin nama.

Yanzu ina Sevran, kusa da Paris. Ina jin labarin ƙasashen biyu a waya, cikin jirgin zuwa aiki, kuma ban san sunan matar da ke ƙofar da ke kallon tawa ba. Wani lokaci nakan buɗe kabad ɗin kicin, in yi kewar benen nan. Kwanukana duka nawa ne, babu na kowa a ciki.