Fasinjar Direba

Shekara ashirin da biyu Direba ya yi yana jan motar wani gidan gona. Kaji yake ɗauka, fararen nan na nama, daga gona zuwa mayanka. Ya san kwanansu kamar yunwar cikinsa: arba'in da biyu daga ƙyanƙyasa zuwa wuƙa. Da yanar ido ta rufe masa na dama, aka karɓe makulli aka sallame shi. Ranar da ya yi wa motar wankin ƙarshe, ya tarar da wata kaza maƙale a bayan kejuna, an manta da ita. Ya sa ta a kwali ya tafi gidan babban ɗansa, makanike, inda aka ba shi ɗakin da ke kusa da igiyar shanya. Ya raɗa mata suna Fasinja.

Irin waɗannan kaji ba a yi su don daɗewa ba. Ba su san ƙoshi ba. In aka sakar musu abinci za su ci har ƙirji ya fi ƙarfin ƙafa, ko zuciya ta tsaya. Direba ya sha kwasar matattunsu daga mota. Don haka ya kafa wa Fasinja doka: rabin gwangwanin madara da safe, rabi da yamma. Ruwa a wannan kusurwa, abinci a waccan, don dole ta taka. Wani likitan dabbobi ya taɓa ce masa da wuya irinsu su cika shekara. Shi kuwa shekarar yake so ta gani. Ta yi wata uku, ta yi shida, ta yi goma. In ya zauna a benci sai ta zo ta kwanta a kan ƙafarsa. A gidan, ita kaɗai ke zuwa wurinsa ba tare da an aike ta ba.

"Baba, wannan ai horo ne, ba kiwo ba," in ji surukarsa, matar ɗan nasa, tana share kashin kazar da ƙarfi. "Ku bar ta ta ci mana."

"In ta ƙoshi, ta mutu."

"Ba ga ku nan ba? Kullum kuna ƙoshi, har yau shiru."

Ya yi kamar bai ji ba.

A watanta na goma sha ɗaya aka sa ranar yi masa aikin ido. 'Yarsa ta ce in an gama ya zauna wurinta mako uku. Kafin ya tafi ya kira ɗansa, ya nuna masa gwangwanin da layin da ya zana a ciki da ƙusa.

"Kada ya wuce nan."

"Na ji, Baba," in ji ɗan, idonsa a kan waya.

Aiki ya yi kyau. Direba ya dawo yana gani tar, har yana karanta lambobin motoci a hanya. Yana shiga tsakar gida ya ga bahon wanki cike da abincin kaji. Fasinja na kwance a gefensa, ƙirji a ƙasa, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya baya. Tana haki baki buɗe, amma duk da haka tana miƙa wuya tana tsinta.

Ya ɗaga ta ya tsayar. Ta zube.

Ɗansa ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Na nuna maka layin," in ji Direba. "Ka manta ne?"

"Ban manta ba. Da kajin nan ka raine ni, na san halinsu." Ya rataya tsumman a kafaɗa. "Ta dame mu da wari. Da a ce na ce a yanka, da sai ka ce na ci mutuncinka. Yanzu kai za ka faɗa da bakinka."

Direba ya janye bahon ya zauna a benci. Kazar ta gan shi, ta fara jan ƙirji a siminti za ta zo. Ta yi kamar taku biyu ta tsaya. Ya zauna yana kallonta har inuwa ta juya, numfashinta na ƙara gajarta. Ya san abin da ya rage, ya kuma san yadda yake ɗaukar lokaci.

"Kawo wuƙar," in ji shi.

Ɗan bai je ko'ina ba, tana cikin aljihunsa.

Da yamma aka dafa. Daga ɗakinsa Direba yana jin su suna ci, sai kuma aka fara tsaki. Surukar ta zo bakin ƙofa da tukunya a hannu.

"Baba, duk wahalar nan, nama kamar tayar mota? Awa biyu a wuta, haƙori ya kasa. Da kun bari an yanka tun tana da amfani."

Ta wuce bayan gida, ya ji ta juye tukunyar a kwandon shara.