Dikko Mai Rediyo da Kukan Nyale

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 1997, ina tsaye gaban allo a makarantarmu ta Kiru, alli a hannuna, aka leƙo aka ce ana sallama da ni. Na fita na tarar da Maikano, direban da yake jigila tsakanin Kwanar Dangora da Doguwa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Surajo, sai haƙuri. Dikko mai rediyo ya cika da hantsin nan." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kwana tara kacal ka yi a kwance da zazzaɓi, Dikko. Ranar Juma'a na zo duba ka, har ka samu ƙarfin tsokanata, ka ce maƙeri ya zo gaida ubangidansa hannu rabbana, ko ƙusa bai riƙo ba. Na fita ina dariya, ban san sallama muka yi ba.

Kai Bafulatani, ni ɗan maƙera, don haka tun ranar da na fara kawo maka rediyona, shekara goma sha uku ke nan, ba mu taɓa rabuwa ba tare da wani ya yi wa wani tsiya ba. Mutanen Kwanar Dangora sun san ka da ɗan shagonka na bakin titi, da tabarau ɗin nan mai hannu ɗaya da ka ɗaure da zare. Sun san ka da gaskiyar da take hana mai sana'a ƙiba. Sau nawa na ga an kawo maka rediyo ana cewa ta ƙone, ka goge bakin batir da ƙasa, ka miƙa wa mai ita ka ce ya tafi abinsa? Idan azumi ya gabato kuwa, shagonka yakan cika da rediyoyin tsofaffin mata masu son jin tafsiri, kuma ban taɓa ganin ka karɓi komai a hannunsu ba sai addu'a. Amma abin da ya fi cin ranka a duniya ba kowa ya san shi ba, kuma shi nake so in rubuta, don kada a binne shi tare da kai.

Ba a cikin waya da dalma aka haife ka ba. A ruga ka tashi, a gindin duwatsun Doguwa, kana bin garken mahaifinka, Baffa Ubale. A shekarar 1983 ciwon bushiya ya shigo, cikin mako uku ya share garken bai bar ko maraƙi ba. Kai ka gangaro gari ka koyi gyaran rediyo. Shi kuwa Baffa ya koma noman ɗan filin bayan gida, idonsa ya fara rauni, bakinsa ya mutu. Yakan wuni bai ce uffan ba. Ka gaya mini cewa duk cikin shanun nan, ɗaya ce yake ambata: Nyale, wadda take jan garke idan an taso daga kiwo. Tana da wani irin kuka da yake farawa can ƙasan maƙogwaro, ya hau a hankali, sannan ya karye a ƙarshe. Wata rana ya ce maka ba ya roƙon a dawo masa da shanu, amma yana jin tsoron kukan nan ya fara ɓace masa a kunne.

Da farko ka ɗauka abin mai sauƙi ne. Ka riƙa bin rugage da rikoda kana ɗaukar kukan shanu a kaset. Duk wanda ka kunna masa, sai ya saurara ya ce, "Shanun mutane ne." Ana nan, a 1987, wani Baturen malamin kiɗa da zai bar Zariya ya kawo maka wata na'ura gyara, da bai samu damar ɗaukarta ba ya bar maka ita. Su suna ce mata sintisaiza, mu muka sa mata suna akwatin murya. Akwati ce mai gurabe, kowane gurbi ana saka masa allon ƙarfe mai maɓallai da ramuka. Wani allon shi yake haifar da sauti, wani ya ja shi ya sake shi, wani ya sa shi rawa, sai a haɗa su da wayoyi yadda ake so. Ba ta ɗaukar muryar kowa, da hannunka kake gina muryar daga babu. Ranar da ka gane haka, ka rufe shago tun la'asar ba ta yi ba, ka zo har Kiru a kan babur kana haki, kana cewa, "Maƙeri, na samo inda Nyale take."

Sai dai akwatin ta zo da gurbi ɗaya fanko. Babu allon da yake tace sauti, wanda ka raɗa wa suna rariya. Idan babu shi, duk abin da ya fito sai ka ji kamar hon ɗin tsohuwar akori-kura. A nan maganar inda za a saya ta taso, kuma a nan na ga wani irin hali naka da har yau nake ba ɗalibaina labari.

Irin waɗannan kaya ba a samunsu ko'ina. Bayan doguwar cigiya ta kusan shekara biyu, aka kwatanta mana wurare uku: ɗaya a Sabon Garin Kano, ɗaya a Zariya, ɗaya a Panteka ta Kaduna. Na ce mu je mafi kusa mu gama. Ka ce a'a, Bafulatani ba ya sayen saniya sai ya ga mai ita, domin halin makiyayi yana jikin dabbarsa. Sai ka zare allo ɗaya lafiyayye daga cikin akwatin, wanda ka san ba abin da ya same shi, ka naɗe shi a tsumma ka sa a aljihu. Ka ce duk inda muka je za ka miƙa shi ka ce ya mutu, mu ji abin da za a ce mana.

Shagon Kano ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Gilashi ko'ina, fanka tana kaɗawa, aka ba mu kujera har da lemo mai sanyi. Mai shagon ya juya allonka sau biyu a hannu, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai wannan ya daɗe da mutuwa, amma mun yi sa'a yana da sabo. Yana da rariyar ma, dal a kwali, sai dai ba a buɗe kwali sai an saya. Ka shanye lemonka, ka yi godiya, muka fito. Na Zariya kuwa kayansa jibge suke a kwando kamar tumatir, ga araha, an rubuta a bango cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Shi shinshina allon ya yi, ya ce yana jin ƙauri.

Ɗanliti na Panteka ko tabarma bai nuna mana ba. Tsoho ne mai ɗacin baki, a cikin wata rumfar kwano da zafi ya cika. Ya karɓi allon, ya jona shi da wuta, ya sa lasifika a kunne, ya ɗan murɗa maɓalli. Sai ya ɗago ya harare mu.

"Tun daga Kano kuka zo ku ɓata mini lokaci? Wannan ai ya fi ku lafiya. Ku ɗauki abinku."

Ban taɓa ganin mutumin da aka zaga ya yi murna irin wadda ka yi ba. Ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka gaya masa ainihin abin da ya kawo mu, har da labarin Baffa. Ya ce ba shi da rariya, kuma ba zai yi maka ƙaryar rana ba. Irin kayan nan sai wata ƙungiyar makaɗa ta watse a Ikko ko Fatakwal suke faɗowa kasuwa. Idan ta zo, zai gwada ta da kansa kafin ya aiko a kira ka. Ka ce ka ji, za ka jira.

Ni ne ban iya jira ba. Wata huɗu da yin haka Baffa ya kwanta ciwon haƙarƙari, na tsorata kada ya tafi bai ji abin da ake ta wahala a kansa ba. Ban shawarce ka ba, na koma shagon gilashi na sayo ta kwalin nan, na kawo maka ina taƙama. Da aka jona ta, ba abin da ta iya sai wani gurnani mai cika kunne. Sauri ya haifi nawa. Na zauna ina jiran tsiyar da za ka yi mini, don na san na ba ka abin yi na shekara guda. Ba ka ce komai ba, Dikko. Ka ɗaure ta a gefen akwatin da kusoshi huɗu, ba waya ko ɗaya a jikinta, duk wanda ya tambaya sai ka ce, "Wannan kyautar Malam Surajo ce." Kai da ba ka ƙyale ni a kan hula karkatacciya, a kan wannan ba ka taɓa tsokanata ba. Na fi jin nauyin shirun nan a kan duk wani faɗa.

Allah Ya tashi kafaɗun Baffa. Bayan wata bakwai, Ɗanliti ya aiko wani direban tanka ya tsaya a Kwanar Dangora ya ce ana nemanka a Panteka. Ka je ka wuni a rumfarsa kuna gwaji, ka dawo da tsohuwar rariya mai tsatsa a kusurwa. Daga ranar, duk wanda ya nemi shawararka kan sayen kayan sauti, ko lasifikar masallaci ce, amsarka ɗaya: ya nemi mai kayan da zai iya hana shi saye.

Tun daga nan kowace Asabar ka rufe shago. Ka kwashe abin da ka gina a makon a kaset, ka hau babur ka ratsa Tudun Wada da dajin Falgore har gidan Baffa, ko damina ko rani. Na raka ka ba sau ɗaya ba. Kukan zauna a inuwar ɗorawa, ya karkato kunne, ka kunna. Sai ya ce ƙasan ya yi nauyi, ko karyewar ta zo da wuri, ko kuwa ya ce, "Saura kaɗan." Daga nan sai zance ya ɓalle. Mutumin da yake wuni bai yi magana ba, sai ga shi yana ba da labarin mashekarin da suka yi a shekarun da ba a haife mu ba, kuna Fillanci kuna dariya, ni ina gefe ina shan fura. A hanyar dawowa nakan ce maka tsohon nan ba zai taɓa gamsuwa ba. Kai kuma ka ce kunnensa ya fi naka, idan ya ce saura, to da saura. Haka kuka yi shekara bakwai. Ranar Juma'ar da na zo duba ka ma, bayan ka gama tsokanata, abin da ka dame ni da shi shi ne Asabar za ta zo ba ka da abin kai wa Baffa.

Ranar sadakar uku aka kawo Baffa Kwanar Dangora a motar Maikano. Da mutane suka ragu, ya sa aka kira ni. Ya laluba ya kama hannuna, ya tambaye ni ko kaset na ƙarshe yana nan. Suwaiba, mai ɗakinka, ta aiko da shi daga cikin gida. Na kunna. Kukan ya taso daga ƙasa, ya hau, ya karye. Tsohon ya sunkuyar da kai, sannan ya ce:

"Ita ce. Malam, tun daminar da ya fara kawowa da sabon ƙarfen nan ya same ta. Na ji ta sarai, har tsikar jikina ta tashi. Amma na ce a raina, in na ce masa ita ce, me zai sake kawo shi kowace Asabar? Sai na ce saura kaɗan. Ina ta cewa wani satin zan gaya masa."

Na ƙara riƙe hannunsa. Ina kewarka, Dikko, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Da ina da hanyar da zan aika maka da magana ɗaya, ba gaisuwa zan aiko ba, ba kuma tsiya ba. Cewa zan yi ka huta, ka same ta tun tuni, kuma ba Nyale tsohon yake jira a inuwar ɗorawar nan ba.

Ya Allah, ga bawanKa Dikko ya zo gare Ka. Ka yi masa rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya kowace tafiya da ya yi zuwa ga mahaifinsa a mizaninsa na alheri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Suwaiba da 'ya'yansu, Hasana da Kyauta, Allah Ya zama gatansu, Ya raya su bisa gaskiyar ubansu. Ina yi wa jama'ar Kwanar Dangora da dangi na Doguwa ta'aziyya, haka ma Ɗanliti na Panteka, wanda da labari ya iske shi ya rufe rumfarsa ya zo da kansa. Baffa Ubale kuwa, Allah Ya ba shi haƙurin da ya fi na 1983, Ya sassauta masa ranakun Asabar da suka rage masa, Ya haɗa shi da ɗansa a Aljanna, inda zai samu ya gaya masa da bakinsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.

Surajo Sale Kiru