Wasiƙar da Misirawan dā suke rubuta wa mamata

"Umma, kin san Misirawan dā a jikin kwano suke rubuta wa mamatansu wasiƙa?"

'Yata Rabi ce, tana bitar tarihi a ɗakinmu na unguwar Anbariyya, can ƙasa mai tsarki, a shekarun tamanin. Da Larabci ta faɗa, kamar kullum.

Na ce, "A'uzu billahi! Rufe littafin nan."

Can na ce, "To, suna samun amsa?"

Ta tuntsire da dariya.

Lokacin ban daɗe da iya haɗa baƙi ba. Inna, mahaifiyata, ta riga ta rasu a Kano tana jiran wasiƙar hannuna. Ranar da Rabi ta yi maganar nan na rubuta sunan Inna, na rasa inda zan aika.

Ku fa, wa kuka makara wajen rubuta wa?