Ruɓaɓɓen Goro da Hannun Baba

Ina shekara ta uku a Inugu, ina karatun yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ta jijiyoyi har gaɓa ta motsa, aka kira ni daga gidanmu na unguwar Fegge a Anacha: hawan jini ya kayar da Baba, hannunsa da ƙafarsa na dama suka saki. Ƙafa ta dawo da wuri. Baki kuwa ko gezau, har Inna tana cewa da ma shi ciwon ya ɗan taɓa, da mun huta.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne abinci. Baba ya ce shekara sittin bai taɓa kai hagu bakinsa ba, ba kuma zai fara yanzu ba. Liman ya zo ya ce lalura ce, ya halatta. Baba ya ce ya ji. Inna ta ce bari ta ba shi a baki, ya ce shi ba jariri ba ne. Kunu kawai yake kurɓa. Kullum rigarsa ƙara yi masa yawa take, ni kuwa tsoro ya kama ni sosai.

Na zo da littafina, ina ji da kaina. Na ce, "Baba, hannun lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ke juya dama."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Dama ke ciwo, kina ce mini hagu? Likita, bokon nan naku a karkace yake."

Na ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, don yatsun suna ɗan motsi, aiki kawai suke so. Washegari na tarar da ƙwallon a kwata.

Ran nan maƙwabta za su yi suna, Inna ta zube mini goro a faifai a tsakar gida, ta ce in ware mai kyau. To, ni 'yar mai goro ce a baki kawai. Baba ya shekara arba'in yana sayar da shi a kasuwar Anacha, da taɓawa yake gane wanda ƙwaro ya huda. Ni kuwa duk wanda ya yi ja sai in jefa a kwando. Yana gefe a kan tabarma, carbi a hagunsa, yana huci.

"Ke! Wannan za ki kai wa mutane? So kike a ce daga gidana ya fito?"

Kafin in amsa, sai ga hannun nan na dama yana rarrafowa a kan tabarma, yana rawa. Ya tura ruɓaɓɓen goron da bayan yatsa, ya fitar da shi gefe. Na zuba wa hannun ido. Malaminmu ya sha faɗa mana cewa ƙwaƙwalwa ta fi saurin buɗe sabuwar hanya a kan aikin da mutum ya damu da shi. Na rubuta a jarrabawa, ban taɓa yarda ba sai ranar.

Daga nan kullum da hantsi sai in baje faifai a hannun damansa, in yi ta shirme. Shi kuma ya yi ta faɗa, yana turawa, daga baya yana tsinkowa da yatsa biyu. Sati shida na sha zagi, har da "Allah wadaran boko."

Wata Juma'a Inna ta ajiye tuwo da miyar kuka kamar kullum, ba don ta sa rai ba. Baba ya yi bisimilla, ya gutsura da dama. Rabin lomar ya zube a gemu, rabi ya shiga. Inna ta juya baya wai hayaƙi ya shigar mata ido, alhali da gas muke girki.

Ya haɗiye, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Likita, tun rana ta biyu na san da gangan kike yi. Gobe ma ki kawo faifan."