Zaren Hula a Cikin Injin Malam

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Laraba, rayuwata ta fara karkacewa, kuma kwanon tuwo ne a hannuna.

Kafin wannan lokaci ni ɗaliba ce a wata kwaleji a Kano, na dawo gida Rano hutu. Ban iya kallon mutum ido cikin ido ba. Aikina biyu ne, karatu da ɗinkin hula. Duk abin da aka rubuta sai na karanta shi, har da wani tsohon littafin gyaran mota da yayana Sale yake tokare ƙofa da shi.

Yaya Sale bakanike ne, garejinsa na kan hanyar Kibiya. Ran nan na kai masa abinci, na tarar da shi kan wata mota mai yin ƙas-ƙas-ƙas, yana gaya wa mai ita sai an sauke inji. Na saurara. A hankali na ce masa fulogi ne ya yi sako-sako. Ya harare ni, ya ɗaure fulogin, ƙara ta ɗauke. Amma bai gaya wa mai motar ba. Ya tura shi sallar La'asar, da ya dawo ya karɓi kuɗin babban aiki. Ni kuma aka sayo mini tsire. Na ci, ban ce komai ba.

Daga nan kullum ina bayan zana a garejin ina saurare. Ƙarar da take fitowa daga saman inji, tana ƙaruwa in an taka totur, tafet ne, galibi baƙin mai ya yi ƙasa. Wadda take ɗaukewa in mota ta yi zafi, iska ce ke fita ta gindin salansa. Da a nan muka tsaya, da yanzu ina da mutunci.

Kasuwa ta ja baya. Yaya ya ce motocin Rano sun cika lafiya, ko zan iya ƙirƙiro ƙarar da kaina? Ina jin kunyar faɗa, amma tambayar ta burge ni kamar ta jarrabawa. Na gwada marfin kwalba, ya cika kwaramniya. Na gwada ƙusa, ta faɗi. A ƙarshe na lanƙwasa 'yar waya yadda za ta riƙa taɓa fankar inji, na naɗe gindinta da koren zaren hula don kada ta zame, na ƙulle da irin ƙullin da nake gama ɗinki da shi. Ban iya aikin ha'inci a hargitse ba.

Duk wanda ya tsaya zuba ruwa a lagireto, sai Yaya ya ɗaura masa. Kafin ya kai garin Fassi ya juyo hankali a tashe. A cire waya, a karɓi kuɗi, ya tafi yana sa mana albarka.

Sai ga Malam Idi, wanda ya koya mini karatun allo tun ina ƙarama. Hular da ke kansa ma ni na ɗinka masa. Tsohuwar motarsa na tsayawa na ji tafet na gaske, inji na kukan rashin mai. Magana ɗaya ce, in leƙo in ce Malam a duba mai. Kunya ta hana ni fitowa, tsoron Yaya ya hana ni tari. Ina kallo aka ɗaura masa waya.

Malam bai juyo ba. Mutum ne mai haƙuri. Daga baya ya gaya wa alƙali cewa motar ta daɗe tana surutu, da ya ji ta ƙara murya sai ya ɗauka tsufa ne. Washegari ya ɗebi ɗalibansa za su musabaƙa, inji ya kama a kusa da Nariya, yaran suka ƙarasa a ƙafa bayan an tashi daga musabaƙar.

Wani bakanike a Kibiya da ya buɗe motar ya zaro waya. Malam ya dubi zaren, ya cire hularsa, ya juya cikinta, ya dubi ƙullin. Daga nan magana ta kai gaban hukuma.

A kotun shari'a direbobi suka cika benci, kowa na ba da labarin tasa ƙarar. Yaya ya ce shi ɗaurawa kawai yake yi. Alƙali ya ɗaga wayar ya ce bai taɓa ganin zamba mai tsafta irin wannan ba. Wallahi sai da na ji daɗi kaɗan, kuma wannan ma na tuba da shi. Aka ɗaure mu, karatuna ya tsaya. A gidan yari akwai fankar sama a ofishin gandirebobi mai yin ƙas-ƙas dare da rana. Na san abin da ke damunta, ba wanda ya tambaye ni.

Ƙannena, ku ji. Ba wayar ce farkon laifina ba, tsiren nan ne. In kun san gaskiya ku faɗe ta, ko murya na rawa. Shirun da na ɗauka kunya ce, shi ya kashe injin malamina. In kuma motarku ta fara ƙas-ƙas, ku zaro sandar mai ku duba kafin kowa ya ce a sauke inji.

Da aka sake ni, na je zauren Malam na durƙusa na nemi gafara. Ya ci gaba da karatunsa. Na koma, na sake komawa, har ɗalibansa suka saba matsa mini wuri. Ran nan na tarar da motar a ƙofar gida, an haɗa ta da ƙyar, tana aiki. Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini?"

Ya rufe littafi, ya gyara hular nan dai, ya ce, "Na yafe miki tun kina can. Tashi ki saurara mini motar nan, ta sake fara surutu. Amma wannan karon, 'yata, ki faɗa da ƙarfi."