Ɗakin Inna Kulu da Romon Ƙafar Sa

Gidanmu na Talata Mafara gidan fawa ne. Duk abin da maza suka yanke suka ture gefe, jijiya da tantani da ƙafar sa, tukunyar Inna Kulu yake ƙarewa. Matar kakana ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ita ta goya babana da 'yan'uwansa bayan rasuwar uwarsu, mu ma a bayanta muka yi wayo. Da an idar da Magariba za mu kewaye murhunta, tana iza wuta tana ba mu tatsuniya.

Tana fita takabar kakana, Baffa Mamman, wan babana, ya kawo shawara: a mai da ita wurin danginta a Dakko, a fasa ɗakinta ta waje a yi shagon nama, tunda ba ta da ɗa a gidan. Ba a faɗa mata ba, amma ta ji. Ni ma na ji, na wuni ina kuka a bayan rumbu.

Da yammar nan Baffa na kan tabarma kusa da mu yana jiran tuwo. Inna ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan tahe, mai kunne shi matso."

Wai Tsoka da Ƙashi ne suka yi gardamar wa ke da jikin Sa. Tsoka ta ce ita ke da ƙarfi, Ƙashi ya ce shi ke da tsayuwa. Da suka gaji, sai suka juya kan Jijiya da Guringuntsi da Tantani: ku kuma me kuke tsinanawa a nan? Ba a tsire da ku, ba a kilishi da ku, ku ba mu wuri. Suka tattara komatsansu suka fita. Sa ya yunƙura zai tashi, Tsoka ta ja, ba abin da ya biyo ta, don igiyar da ta ɗaure ta da Ƙashi ta tafi. Gaɓa ta goga gaɓa har da ƙara. Kafin azahar Sa ya zube tsibi biyu, ungulaye na shawagi.

"Ba su je sun ba Jijiya haƙuri ba?" na tambaya.

"Da wace ƙahwa za su tahi?" Ta buɗe tukunya, tururi ya tashi, ta dubi Baffa ido cikin ido. "Mamman, ni ba irin Jijiyar tatsuniya ba ce, da za a ce hita in hita. A ɗakin ga aka yi jinyar kaciyarka, ni ka riƙe ka kana ihu. Sai dai a hidda ni bisa makara."

Da safe romon ya daskare cikin kwano, ta yanka da wuƙa ta ce in kai wa Baffa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cinye. Maganar shago ba ta sake tashi ba tana da rai.

Yau ina koyarwa a makarantar aikin jinya. In na zo darasin abin da ke cike tsakanin ƙwayoyin jiki, sai in ji ƙamshin tukunyar nan. Ina gaya wa ɗalibai akwai zaren kolajin mai hana jijiya tsinkewa, shi ne ke narkewa a wuta ya sa romo ya daskare. Akwai zare mai talewa, wanda ke mai da fata in an tsunkule ta. Akwai kuma ruwa mai yauƙi da ke riƙe danshi, abinci ya ratsa shi ya isa ga ƙwayoyin. Duk cikinsu ba mai hayayyafa, amma cire su ka ga ikon Allah.

Inna na rasuwa, ba a shekara ba aka ja katanga gidan ya rabu uku. Ɗakinta ya faɗo rabon babana, daga shi ya zo hannuna. Bara ɗan Baffa ya kira ni.

"Yaya, ɗakin nan fa zaman banza yake, ga shi bakin titi."

Raina ya ɓaci, amma ban yi masa faɗa ba. Na ce ya kawo yaransa ran Sallah, zan dafa ƙafar sa a ƙofar ɗakin kamar kowace shekara. Nan kaɗai ya rage da 'ya'yan gida ukun nan ke zama tabarma ɗaya. Makullin na cikin jakata, kuma ba zan bayar ba.