Ganyen da Na Aike Shi Ya Sayo

Ni mai kitso ce. Ba yabon kai ba, a unguwarmu ta bayan Sabon Gari a Gusau da wuya ki samu matar da hannuna bai taɓa shiga kanta ba, sai dai in baƙuwa ce. A tsakar gidan mijina nake aikina, ƙarƙashin rumfar kwano, rediyo na rataye a ƙusa yana ta surutunsa. Abin da zan faɗa a nan na fi shekara biyu ina haɗiye shi. Yanzu kowa a danginmu ya ji, to ban ga sauran abin ɓoyewa ba.

Wata Hajiya ce ta kawo mini maganar. Ma'aikaciyar gwamnati ce, 'yar babban gida, irin waɗanda in sun shigo sai ƙamshin turarensu ya kwana a rumfa. Gashin goshinta ya cinye saboda yawan ƙarin gashi, abin yana damunta ƙwarai. Ran nan ina tsefe mata kai sai ta rage murya ta ce ta samo magani. A samu wiwi, ganyen da 'ya'yan, a daka, a jiƙa cikin man kwakwa da man kaɗanya, a bar shi a rana mako guda, a tace. Na saki kibiyar kitso na ce, "Hajiya, wiwi fa kika ce?" Ta yi dariya ta ce, "Ke dai baƙauya ce. Sha aka ce ki yi? Shafawa ce kawai. Ni ba zan iya haɗawa a gidana ba, idon yara ya yi yawa, ke ki haɗa mana."

Na yarda, kuma ba wanda ya shaƙe ni. So nake a ce man kitsona ya fi na kowa.

Sai dai wa zai sayo? Matar aure ba ta zuwa kangon bayan tasha inda ake sayar da wannan abu. Mijina kuwa mutum ne da ko sigari ba ya bari a kunna a ƙofar gidansa, in na furta masa sai dai in kwana a Tsafe gidan iyayena. Wanda ya rage shi ne ƙanena, autan Innarmu. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin, tela ne, yana ɗinki a shagon wani a kasuwa, yana kwana a ɗakin zaurenmu. Ranar da Inna ta kawo shi daga Tsafe hannunsa ta kama ta sa a nawa, ta ce, "Ga amana nan."

Da na faɗa masa, ido ya zaro. "Yaya, in wani ya gan ni a wurin fa?" Ni kuma bakina ba ya da linzami. Na ce, "Ji matsoraci! Ƙato da kai har da gemu, a aike ka nan da tasha kana rawar jiki. To kawo wandon in saka, kai ka zauna ka yi kitson." Ya yi murmushin jin kunya, ya sa takalmi ya fita. Da ya dawo, a cikin safa ya ɓoyo ƙullin, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ko man yana aiki ko ba ya yi, Allah kaɗai ya sani. Hajiya dai ta rantse gashi na tsirowa, ta gaya wa ƙawayenta, su ma suka gaya wa nasu. Duk mako biyu ko uku sai in sake aikensa. A hankali ya daina ƙorafi. Har ya kai shi ne ke leƙowa rumfa yana tambaya, "Yaya, man bai ƙare ba?" Ni sakarya ina ta sa masa albarka, wai yaro ya koyi biyayya.

Bayan kamar wata takwas na fara ganin abubuwa. Idonsa ja kullum, na ce zaman keken ɗinki ne. Ya riƙa dariya shi kaɗai a zaure, na ce waya ce. Sai ya daina cin tuwon gidan, wai ana barbaɗa masa wani abu. Ana saura kwana kaɗan Sallah ƙarama, da tsakar rana, maigidan shagonsu ya kawo shi riƙe da hannu. Ya ce ƙanena ya ɗauki almakashi ya yayyanka shaddar mutane har kala shida, wai akwai masu magana a cikin ɗinkin, yana neman ya fito da su. Ƙanena na tsaye a gabana yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na zauna a kan turmi.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, iyayenta mutanen kudu ne amma a Gusau aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Sista muke ce mata. Na aika ta shigo. Ta duba idonsa, ta shinshina rigarsa, ta ja ni gefe. Ta ce, "Wiwi yake sha, kuma ba kaɗan ba. Ba kowa take haukatawa ba, wani zai sha har ya tsufa yana yawonsa. Amma akwai wanda kansa ba ya ɗauka, kuma ba a gane shi sai ta kayar da shi. A kai shi asibiti yau. Wa ya nuna wa wannan salihin yaro hanya?" Na ce ban sani ba. Ta kalli kwalaben man da na jera a rana a kan katanga, sannan ta kalle ni.

Washegari Inna ta iso. Ko ta kan maganar asibiti ba ta bi ba, ta ce ɗanta ko goro ba ya ci, wannan aikin hannu ne. Ta tafi da shi Tsafe, daga nan aka kai shi wurin wani mai duba a wani ƙauye gaba da Kucheri. Mutumin nan, Allah ya isa tsakanina da shi, ya zana ƙasa ya ce mace ce ta yi, jininta ɗaya da Inna, tana zaune a gindin dutse.

Mutum ɗaya muke da ita a gindin dutse. Ƙanwar Inna ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Kwatarkwashi, garin da ke gindin babban dutse, muna ce mata Inna Ƙarama. A hannunta na yi shekara uku ina yarinya, ita ta fara koya mini kalaba a kan 'yar tsana. Ta so a haɗa ƙanena da 'yarta, shi kuma ya ce kallon ƙanwa yake yi mata, aka bar maganar ba faɗa ba gaba. Inna ta haɗa wannan da wancan, ta ce shi ke nan, an gano.

Ina Tsafe ranar da Inna Ƙarama ta zo dubiya. Ta sha hanya, ga hanyar yadda ta zama a shekarun nan, mutum na fita yana salati har ya isa. Ta zo da fura a ƙwarya da zuma a kwalba. Tana sallama Inna ta miƙe, ta karɓi ƙwaryar, ta je bakin rariya ta tuntsurar da ita duka. Ta ce, "Wanga kuma na ƙarasa shi ne? Abin da kika yi bai ishe ki ba?" Inna Ƙarama ta tsaya baki buɗe. Da ta gane abin da ake nufi sai ta juyo wurina, hawaye na bin fuskarta, ta ce, "Ɗiyata, ke ma kin yarda ni ce?" Wallahi gaskiyar tana nan a bakina. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena. Ta ɗauki ƙwaryarta wayam ta fita, ba wanda ya raka ta ko zaure.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoron idon Inna, da tsoron aurena. Na koma Gusau na zubar da man a masai, na ce wa masu tambaya mai kawo mini kayan haɗin ya bar gari.

Sai da aka ɗaure ƙanena da igiya a ɗaki, aka yi hayaƙi aka yi rubutu har aka gaji, sannan mijina da Sista suka shawo kan Inna aka kawo shi asibiti. Likita ya faɗi abin da Sista ta faɗa. Inna ta ce to ai asirin ne ya sa shi shan. Magani ya kwantar da shi, amma ba ƙanena da na sani ba ne ya koma Tsafe. Ya yi ƙiba, maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na rawa, ko zare ba ya iya sa wa allura. Tsakanin Inna da ƙanwarta kuwa ko gaisuwar Sallah babu. Aka yi bikin 'yar Inna Ƙarama, ba wanda ya je daga gidanmu.

Shekara biyu ana haka. Wata Asabar Hajiyar nan tana zaune a gabana ina yi mata shuku, Sista na jiran layi, sai rediyo ya ɗauko muhawara. Wai wasu ƙasashe sun halatta shan wiwi, ana sayarwa a kanti kamar sabulu, shin mu ma a yi haka ko a'a. Hajiya ta ce ita dai gara a halatta. Ta ce hanin me ya hana? Ga shi nan a kowane lungu. In a kanti ne, an san mai sayarwa, an san abin da ke ciki, ba a gauraya shi da ƙwayoyi, kuma yara ba sa cika gidan yari a kan ƙulli ɗaya. Sista ta ce, "Hajiya, ki zo ɗakinmu na masu taɓin hankali ki yini ɗaya. Gadajen da muke da su ba su ishi na yanzu ba. Ranar da aka ce halal ne a doka, yaron da kunya ke riƙe shi me zai riƙe shi?"

Ni ina jinsu hannuna na cikin gashi. Zuciyata ta ce, da a kanti ake sayarwa, da da kaina zan sa hijabi in sayo, da bai taɓa sanin hanyar kangon nan ba. Ta sake cewa, da a kanti ne, da shi da abokansa na shago sun saya da kansu ba sai an aike su ba. Har yau ban san wadda ta fi gaskiya a cikin biyun ba, kuma masu kiran waya a rediyon ma ban ji wanda ya sani ba, ihu kawai suke yi wa juna. Ana cikin haka Hajiya ta ɗago ta ce, "Af, ni kam yaushe za ki sake haɗa mana man nan?" Na ja gashinta da ƙarfin da sai da ta yi ƙara. Na ce, "Hajiya, tashi ki je a ƙarasa miki a wani wuri." Da rabin kai ta fita tana zagina, ba ta sake dawowa ba.

Ranar Litinin na hau mota zuwa Tsafe. Na tarar da ƙanena a inuwar darbejiya a ƙofar gida, yana zaune a kan benci yana kallon masu wucewa. Na zauna kusa da shi, muka gaisa, na tambaye shi jiki.  Can sai ya ce, a hankali, yadda maganarsa ta koma, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ban faɗa wa Inna ba. Ko lokacin da suka ɗaure ni suna tambayata, ban faɗa ba. Kar a sake ki saboda ni."

Innalillahi. Yaron da hankalinsa ya gushe har bai san sunan gari ba, ashe wannan ɗaya bai saki ba. Ni mai cikakken hankali na bar shi yana ɗauke mini kaya, na bar tsohuwar da ta goya ni da sunan mai asiri. Na tashi na shiga gida tun kafin tsoron ya dawo.

Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga man har ba'ar da na yi masa ranar farko. Ba ta katse ni ba, hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar. Da na gama ta ajiye faifan. Ni ce 'yar farinta, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai ta ce "ke" ko "wagga". Ran nan ta kira shi cikakke, sau ɗaya, tana kallon cikin idona. Ta ce, "Kina tsaye na zubar da furar ƙanwata. Ɗauko mayafinki. Da bakinki za ki faɗa mata."

Mun isa Kwatarkwashi bayan la'asar. Inna Ƙarama ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta yafe duniya da lahira, suka rungume juna ita da yayarta suna kuka, ni ina durƙushe a gefe ba wanda ya ce in tashi. Mijina da ya ji, wata guda bai ci abincina ba, amma bai sake ni ba. Ƙanena yana shan maganinsa, wani watan da sauƙi, wani watan a koma asibiti.

Inna tana amsa gaisuwata, tana karɓar abin da na kai mata, in na yi rashin lafiya tana aiko a duba ni. Amma daga ranar nan har yau da sunana take kirana, gatsau, a gaban kowa, yadda take kiran 'ya'yan maƙwabta.